Daga Azara Zuwa Alminiyom: Kimiyyar Sauya Katakon Gini a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Duk shekara, idan bazara ta zo ƙarshe, hadari ya fara haɗowa daga gabas, akwai wani zullumi da kan sauka a zukatan magidanta da shugabannin makarantu a ƙasar Gaya da Ajingi, kamar yadda yakan sauka a sauran sassan gabashin Jihar Kano. Manomi yana murna domin shuka ta matso, amma da ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa sai murnar ta ragu. Ya san cewa ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai, iska ce ke yi masa jagora. Mai rufin kwano yana fargabar kada iska ta yaye shi ta jefar a gonar maƙwabci. Mai soro kuwa watan Agusta yake tsoro, lokacin da ƙasar rufi kan sha ruwa ta yi nauyi, har tsohuwar azara ta kasa ɗaukar ta. A kowane hali, abin da ke tsakanin iyali da asara shi ne 'yan sandunan nan da ke ɗauke da rufin, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai ranar da suka gaza.

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta fara yawo a bakin magina da kafintoci da masu gidaje: tun da gara ba ta cin alminiyom, kuma ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, me zai hana a cire katakon da ke ɗauke da rufi ko rumfa ko baranda a sa sandunan alminiyom a madadinsa? Tambayar tana da ma'ana, amma amsarta tana buƙatar awo da lissafi. Wannan maƙala za ta bi sawun al'amarin tun daga azarar kakanni har zuwa wannan farin ƙarfe, domin ɗalibi da malami su ga inda sauyin yake da amfani da kuma inda yake da haɗari.

Gaya, garin maƙera

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna gabas da Wudil, kan iyakar Kano da Jigawa, kuma tare da Albasu su ne ke ƙarƙashin Masarautar Gaya bisa dokar masarautu ta shekarar 2024. Maganar ƙarfe ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, wato maƙeran da suka taso daga Gaya, suna cikin mutanen farko da suka zauna a gindin dutsen Dala, inda suka je neman tama, kuma ana cewa sunan shugabansu ne ya zama sunan birnin Kano. Binciken masana kayan tarihi ya gano alamun narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya.

Amma duk da wannan daɗaɗɗiyar sana'a, ƙarfen maƙeri bai taɓa hawa kan rufin ɗaki ba. Tama tana da wuyar narkawa, gawayi yana da tsada, abin da aka samu kuwa bai wuce na fartanya da garma da lauje da kibiya ba. Saboda haka, da aka zo batun rufi, sai Bahaushe ya juya ga itatuwan da Allah ya hore masa, ya zaɓi giginya.

Azara da hikimar magina

Azara ita ce gangar giginya da aka tsaga gida-gida. Ɓangaren waje na gangar yana da tauri ƙwarai, cike yake da baƙaƙen zaruruwa masu kama da waya, cikinta kuwa taushi gare shi, don haka ake zubar da shi. Magina sun fi son namijin giginya wanda ya manyanta, domin ya fi tauri, kuma gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Azara mai kyau, idan ruwa bai zauna a kanta ba, takan yi shekaru masu yawa, har ma a rushe tsohon ɗaki a kwashe ta a sake gini da ita.

Sai dai azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta tsakanin bango da bango aka ɗora mata ƙasa, tazarar da za ta iya ɗauka ba tare da ta lotsa ba ba ta cika wuce mita 1.8 ba. Dalili kuwa shi ne nauyin da ke kanta. Ƙasar rufi mai kaurin santimita 15 takan kai kimanin kilo 250 a kan kowane murabba'in mita, kafin ma ta sha ruwa. Domin su faɗaɗa ɗaki, sai magina suka ƙirƙiro tauyi, wato su jera gajerun azarori suna ɗan fitowa daga bango hawa-hawa, domin su rage tazarar da ta rage a tsakiya. Daga nan suka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaure azarori a lulluɓe su da ƙasa su zama baka mai ɗauke da rufi mai faɗi. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

To, amma giginya ba ta gaggawa. Sai ta shafe gomman shekaru kafin gangarta ta isa tsagawa. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye dazuzzuka, ƙwallon da ya kamata ya tsiro ya zama itace kuwa sau da yawa a murucinsa ake tone shi a dafa. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, to yau azarar ma daga nesa ake kawo ta, da tsada, kuma galibi ba ta gama nuna ba.

Zuwan kwano da katako

Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kwanon rufi ya fara shigowa, ya bazu sannu a hankali daga birni zuwa garuruwa da ƙauyuka. Tare da shi aka samu katakon da ake yankowa daga dazuzzukan kudu, wanda a yau ake saye a kasuwanni irin su 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Kafinta ya karɓi aikin da a da na magini ne, ƙusa da langalanga suka maye gurbin igiya.

Wannan sauyi ya juya matsalar rufi baki ɗaya. Soro nauyinsa ne ke danne shi, don haka iska ba ta iya masa komai. Kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55 kuwa bai fi kilo 2 ba a kan murabba'in mita. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta kan rufi, takan tsotse shi sama, idan kuma ta sami ƙofa ko taga ta shiga ɗakin sai ta tura shi daga ƙasa. Iskar da ke gudun mita 30 a sakan ɗaya, wato kilomita 108 a awa, tana iya yin jan da ya kai kimanin kilo 55 a kan kowane murabba'in mita. Ajin makaranta mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7 yana da murabba'in mita 56, ke nan iskar tana jan rufinsa da ƙarfin da ya kai tan 3, alhali nauyin rufin duka, kwano da katako, da ƙyar ya kai tan 1. Abin da ke riƙe da ragowar shi ne ƙusoshi da langalangar da aka ɗaure a jikin bango.

A nan ne gara take shigowa. Gara tana rayuwa ne a kan sinadarin da ke cikin itace da ciyawa, kuma irin wadda ke gina manyan suri har noman wani nau'in naman gwari take yi a cikin gidanta domin ya taya ta narkar da abin da ta kwaso. Ba ta son haske ko bushewa, shi ya sa take gina 'yan hanyoyin laka a jikin bango har ta kai ga katako, ta cinye cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Katako mai taushi da aka yanka bai bushe ba, aka ɗan shafa masa baƙin mai a sama, ba ya daɗewa a hannunta. Ranar da iska ta zo, ƙusa tana nan daram, amma naman da ta kama ya zama gari.

Mene ne alminiyom?

Alminiyom, wanda wasu ke kira sanholo, shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon duniya, domin ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Yana cikin yumɓun da ake gina tukunya, yana cikin jar ƙasar da ake yin tubali. Wato bangon ƙasa na Gaya da sandar alminiyom 'yan uwan juna ne. Abin da ya ɓoye shi ga maƙeran da shi ne yadda yake manne wa iskar oksijin da ƙarfin da wutar gawayi ba ta iya raba su.

Sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya fara ware ɗan kaɗan daga cikinsa, Friedrich Wöhler na Jamus ya inganta hanyar a 1827. Shekaru da dama bayan haka yana cikin ƙarafa masu daraja, har a 1884 aka ɗora wani dunƙulensa mai nauyin kimanin kilo 2.8 a ƙololuwar hasumiyar tunawa da Washinton a Amurka. A 1886 wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowanne ba tare da sanin ɗayan ba, suka gano yadda za a raba shi da oksijin ta hanyar lantarki. Abin mamaki, dukansu an haife su a 1863, kuma sun rasu a 1914. Jim kaɗan bayan haka Carl Josef Bayer, ɗan ƙasar Ostiriya, ya fito da hanyar tace ma'adinin da ake kira boksit. Waɗannan hanyoyi biyu su ne ake bi har yau.

Ana buƙatar kimanin tan 4 na boksit domin a sami tan 2 na farin garin alumina, daga nan a sami tan 1 na alminiyom. Aikin yana shan wuta ƙwarai: kowane kilo ɗaya yana cin kimanin yunit 14 irin na mitar lantarki. Shi ya sa ake kafa masana'antarsa kusa da babbar madatsar ruwa ko rijiyar gas. Ƙasar Gini ce ta fi kowace ƙasa a duniya ajiyar boksit. A Gana an kafa masana'antar narka shi a Tema domin cin moriyar wutar madatsar Akosombo, a Kamaru kuma akwai ta Edeya. A Nijeriya, kamfanin ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom, wanda aka tsara zai riƙa samar da tan 193,000 a shekara, ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999, ya sake tashi bayan da kamfanin Rusal na Rasha ya karɓe shi a 2007, sannan ya sake tsayawa a 2013.

Sake narka tsohon alminiyom kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na waccan wuta yake ci ba, kuma yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Wannan ne ya ba maƙeran farfaru damar narka tarkacensa da gawayi su zuba tukwane da ludaya, kuma shi ya sa 'yan gwangwan suke farautarsa lungu-lungu.

Darasi daga wata gada

Akwai darasi game da sa alminiyom a madadin katako wajen ɗaukar nauyi a tarihin wata gada. A birnin Pittsburgh na Amurka akwai gadar Smithfield, wadda injiniya Gustav Lindenthal ya tsara, aka buɗe ta a 1883 a kan kogin Monongahela. Da ta shekara 50, motoci da taragon lantarki sun yi mata yawa, kuma babu kuɗin gina sabuwa domin ana cikin matsin tattalin arziki. Sai a 1933 injiniyoyi suka cire daɓenta na katako da ƙarafan da ke ɗauke da shi, suka sa na alminiyom. Nauyin gadar ya ragu da fiye da tan 600, kuma duk abin da aka rage mata na nauyin kanta ya zama ƙarin kayan da za ta iya ɗauka.

Amma akwai kashi na biyu na labarin. Gaurayen da aka yi amfani da shi yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ya ƙara masa ƙwari amma ya rage masa jure wa laima. Sannu a hankali ya zaizaye, har a 1967 aka sake daɓen da wani gaurayen alminiyom da ya fi juriya. A tsakanin haka, a 1950, an buɗe gadar Arvida a kan kogin Saguenay a Kanada, wadda gaba ɗayanta da alminiyom aka yi. Darasin da ke ciki shi ne, alminiyom suna ne na dangi, kuma kowane gauraye da aikin da ya dace da shi.

Nauyi, ƙwari da lanƙwasa

Idan aka sami dunƙule mai tsawon mita 1, faɗin mita 1 da tsayin mita 1, na baƙin ƙarfe zai yi kilo 7,850, na alminiyom kilo 2,700, na matsakaicin katako kuwa wajen kilo 500 zuwa 700. Ke nan alminiyom kashi ɗaya ne cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe, amma ya ninka katako sau huɗu ko biyar.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Ƙwari shi ne yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya karye ko ya lanƙwashe har abada. Tauri kuwa, a wannan fage, shi ne yadda abu yake ƙin lotsawa idan an ɗora masa kaya. Tsantsar alminiyom taushi gare shi, amma idan aka gauraya shi da ɗan maganiziyom da silikon, kamar nau'in da ake wa lamba 6061, aka kuma gasa shi, ƙwarinsa yakan kusanci na ƙarfen gini. Sai dai babu gaurayen da ke gyara taurinsa. Idan aka ɗauki sanduna biyu masu siffa ɗaya, aka ɗora musu kaya iri ɗaya, ta alminiyom za ta lotsa ninki uku na ta baƙin ƙarfe. Ta katako kuwa za ta lotsa kusan ninki bakwai na ta alminiyom.

Maganin wannan yana cikin siffar sanda. Idan aka ninka zurfin sanda sau biyu, wato tsayinta daga ƙasa zuwa sama, taurinta yana ninkuwa sau takwas. Saboda haka, sandar alminiyom da aka ƙara wa zurfi da kusan rabi za ta yi daidai da ta baƙin ƙarfe wajen ƙin lotsawa, kuma nauyinta zai tsaya a kimanin rabin na ƙarfen. Bugu da ƙari, ana iya tura zazzafan alminiyom ta cikin wani maƙurari ya fito da kowace irin siffa, kamar yadda taliya ke fitowa daga inji, don haka ake samun sanduna masu rami a ciki, marasa nauyi amma masu zurfi.

Tazara ma tana da nata hukuncin. Idan aka ninka tsawon sanda sau biyu, kaya kuma yana shimfiɗe a kanta kamar da, lotsawarta za ta ninku sau 16. Wannan doka ce ta hana azara wuce mita 1.8, kuma ba ta yi wa alminiyom sassauci ba. Sandar da ta ɗauki rumfar mita 2 lafiya za ta iya zama tarko a ɗaki mai faɗin mita 4.

Abubuwan lura kafin a sauya

Na farko, a san irin alminiyom ɗin da aka saya. Siraran sandunan da ake yin taga da ƙofa da kantar shago da su ba don ɗaukar rufi aka yi su ba. Haka nan wanda aka zuba daga tarkace, domin ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma yakan ƙunshi ƙananan ramukan iska. Girman sanda da tazararta aikin injiniyan gini ne, kuma ba a rasa masana wannan fanni a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero da ke Kano.

Na biyu, a sauke kaya kafin a taɓa abin da ke ɗauke da shi. A tokare rufin, a cire kwano ko ƙasa, sannan a zare tsohon katako ɗaya bayan ɗaya. A bi hanyar gara har tushenta, domin ko da ba za ta ci alminiyom ba, silin da ƙyauren ƙofa da littattafan aji suna nan.

Na uku, a kula da maƙwabtan alminiyom. Abin da ke kare shi daga tsatsa wata 'yar fata ce da ido ba ya gani, wadda yake yi wa kansa da zarar iska ta taɓa shi, kuma idan aka kankare ta nan take take komawa. Amma abubuwa masu kaifi irin na kanwa da toka suna narkar da ita, kamar yadda uwargida ta sani daga tukunyar da aka saba dafa abin kanwa a cikinta. Ɗanyen siminti da farar ƙasa suna cikin wannan aji, don haka duk ƙarshen sandar da zai shiga bango a shafe shi da kwalta. Har ila yau, idan alminiyom ya haɗu da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, laima kuma ta shiga tsakaninsu, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyom ɗin ne kuwa ke zaizayewa. A raba su da roba ko fenti, a yi amfani da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa ko wanda aka lulluɓe da tutiya.

Na huɗu, a bar masa wurin miƙewa. Alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin rufi a watan Afrilu ana iya samun bambancin digiri 50, wanda zai sa sanda mai mita 6 ta ƙaru da kimanin milimita 7. Idan an ɗaure ta tamau ba rata, sai ta tsaga bango ko ta sassauta notinta.

Na biyar, a guji walda ta gama-gari. Injin waldar baƙin ƙarfe bai dace da shi ba, sai na musamman mai iskar argon, kuma ko da shi wurin da wuta ta taɓa yakan rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙwarinsa ko fiye. Noti da ribit sun fi aminci.

Na shida, a ɗaure shi da gini. Sauƙin nauyi alheri ne ga bango, amma ganima ce ga iska. Dole kowace sanda ta kama linta, linta kuma ta kama bango har zuwa harsashi.

Na ƙarshe, a tuna da wuta iri biyu. Alminiyom yana ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa ake yin manyan wayoyin kan turaku da shi, don haka waya ɗaya da ta kware za ta iya sa dukan rufin ya riƙa ja, sai an haɗa shi da ƙasa. Idan gobara ta tashi kuma, yakan fara laushi tun zafi bai wuce digiri 250 ba, alhali katako mai kauri bayansa ne ke zama gawayi, cikinsa ya ci gaba da riƙe kaya na ɗan lokaci.

Gwaje-gwaje uku domin aji

Malami zai iya nuna waɗannan abubuwa ba tare da ɗakin gwaji ba. A ɗora rula a kan littattafai biyu a kwance, a danna tsakiyarta, sannan a tsayar da ita a kan gefenta a sake dannawa. Ɗalibai za su ji bambancin da zurfi yake kawowa. A yanko falle biyu daga gwangwanin lemo na alminiyom, a goge fentinsu da samfefa, a naɗe ɗaya da wayar jan ƙarfe, a sa kowanne a kofin ruwan gishiri, a riƙa dubawa har mako guda. A sa falle na uku a ruwan kanwa mai kauri, a kwatanta shi da wanda ke cikin ruwa zalla. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani kullum, ya kuma faɗi dalilinsa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa alminiyom yana da wuraren da ya fi kowa: rumfa da baranda da ke shan ruwan sama, ƙofofi da tagogi, tsani, firam ɗin farantan sola, da duk inda tsohon bango ba zai iya ɗaukar ƙarin nauyi ba. A dogon rufi irin na aji ko masallaci kuwa, baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya sau da yawa ya fi shi sauƙin kuɗi, domin kilo ɗaya na alminiyom ya ninka na ƙarfe tsada, ga kuma kwaɗayin da yake ja wa ɓarayin tarkace. Soron ƙasa, wanda har yau babu rufin da ya kai shi sanyi a watan Afrilu, azara mai kyau ce abokiyar zamansa, kuma hakan yana nufin a bar wasu ƙwallayen giginya su wuce matsayin muruci.

Kakannin mutanen Gaya sun san tama da idonsu, magina kuma sun san iyakar azara da hannunsu. Abin da ya rage wa ɗaliban Gaya da Ajingi na yau shi ne su san sababbin kayan gini da alƙalami da awo, ta yadda idan za a sake rufin ajinsu ko ɗakin mahaifiyarsu za su iya tambayar mai aiki lambar gaurayen da ya sayo, zurfin sandar, da kuma abin da ya ɗaure ta da shi a jikin bango, tun kafin hadarin farko ya taso daga gabas.